Wane Ne Ke Cikin Jirginka?

Karatu: Markus 4:35-41

  

Wata ranar Lahadi bayan an tashi daga sujada, wata 'yar'uwa ta tsaya a bakin ƙofar majami'a har kowa ya watse, sa'an nan ta matso ta ce, "Baba Fasto, ina da tambaya. Maigidana direba ne, hanyar da yake bi kuwa ana tare mutane ana shiga da su daji. Duk ranar da ya fita ba na iya cin abinci, dare ya yi ba na runtsawa. Ina addu'a, amma tsoron bai tafi ba. Ashe ba ni da bangaskiya ke nan?"

Na san ba ita kaɗai ke da wannan tambaya ba. Wani yana tsoron sakamakon gwajin da likita ya yi masa. Wani yana tsoron zuwa gonar da ubansa ya bar masa. Wata tana duban 'ya'yanta, kuɗin makaranta ya zo, hatsi ya ƙare a rumbu. Wani kuma an ce masa an yi masa sammu, tun daga ranar kukan mujiya ma ya ishe shi tashin hankali. A kan wannan tsoro kuma sai wani nauyi ya hau, wato kunya, domin mutum yana ganin mai bi na gaske bai kamata gabansa ya faɗi ba. To, bari mu buɗe Bishara ta hannun Markus mu ga yadda Ubangiji ya yi da waɗansu mutane da tsoro ya kama.

Inda abin ya faru

Abin da ake kira Tekun Galili tafki ne na ruwan daɗi a arewacin ƙasar Isra'ila. Tsawonsa wajen kilomita 21 ne, faɗinsa kuwa wajen kilomita 13. Yana cikin kwari mai zurfi, kimanin mita 210 ƙasa da fuskar babbar teku, tuddai kuma sun kewaye shi. Iskar da ke bisa ruwan tana da zafi, wadda ke kan tuddai tana da sanyi. In mai sanyin ta gangaro ta cikin kwazazzabai ta tarar da mai zafin, sai guguwa ta tashi farat ɗaya, ruwan da ke kwance ɗazu ya soma tumbatsa.

A shekarar 1986 fari ya sa ruwan tafkin ya janye, sai waɗansu masunta biyu, wa da ƙane, suka ga wani tsohon jirgin katako a cikin laka kusa da Ginosar. Masana suka bincika, suka tarar na wajen zamanin Ubangijinmu ne. Tsawonsa ya ɗan wuce mita 8, faɗinsa bai kai mita 2 da rabi ba. Ba a ce shi ne jirgin da Yesu ya shiga ba, amma ya nuna mana irin jiragen wancan lokaci: babban kwalekwale ne kawai, wanda raƙuman ruwa kaɗan sun isa su cika shi.

A cikin irin wannan jirgi almajirai suke da maraicen nan. Huɗu daga cikinsu, Bitrus da Andarawas, Yakubu da Yahaya, masunta ne, a bakin ruwan nan suka yi wayo. In ka ga masunci ya firgita a kan ruwa, ka san abin ya kai. Saboda haka kada mu yi saurin yi musu dariya. Hatsarin gaskiya ne, ruwa yana shiga, jirgin yana gab da nutsewa.

Ba laifinsu ne ya kawo hadarin ba

Abu na fari da za mu lura da shi ke nan: Yesu ne da kansa ya ce a haye zuwa wancan hayi. Almajiran suna cikin biyayya sa'ad da hadarin ya same su. Annabi Yunusa ya gamu da nasa hadari yana gudun Allah, su kuwa sun gamu da nasu suna bin umarnin Ubangiji.

Ina nanata wannan domin akwai koyarwar da ke yawo a tsakaninmu, cewa duk wanda wahala ta same shi, to, akwai zunubin da yake ɓoyewa, ko bai ba da baiko yadda ya kamata ba. Gaskiya ne zunubi yakan jawo wahala, kuma ya kamata kowa ya binciki zuciyarsa. Amma ba kowace wahala ce horo ba. Mutum yana iya kasancewa daidai inda Allah ya sa shi, ruwa kuma yana shiga jirginsa. In kana cikin wahala yau, kada ka ƙara wa kanka nauyin zaton Allah ya juya maka baya.

Abin da tsoro yakan faɗa wa zuciya

Markus ya gaya mana Yesu yana can ƙarshen jirgin, ya ɗora kai a kan matashi, yana barci. Ya yini yana koyar da taro, ya gaji kamar yadda kowane ɗan adam yakan gaji. Almajiran suka tashe shi. Tashinsa da suka yi daidai ne, gama wurin wa za su je in ba wurinsa ba? Amma ku dubi maganar da suka tashe shi da ita. Zargi ne suka yi masa, cewa bai damu ba ko da sun hallaka.

Nan ne ainihin ciwon yake. Faɗuwar gaba aba ce da Allah ya halicce mu da ita domin ta tsare mu. Ita ce ke sa ka ja da baya in ka ga kububuwa a kan hanya, ita ce ke sa uwa ta fizge yaronta daga bakin rijiya. Dawuda, wanda ya kashe Goliyat, ya furta a Zabura ta 56 cewa akwai ranar da yakan ji tsoro, kuma a ranar nan ce yakan dogara ga Allah. Ashe tsoro da dogara suna iya zama a zuciya ɗaya. Inda tsoro yakan zama tarko shi ne sa'ad da ya soma yi mana wa'azi a kan halin Allah, yana cewa, "Ya manta da kai. Yana barci. Kai kaɗai ne, nemi mafita da kanka."

Mutumin da ya gaskata wannan wa'azi, me yakan yi? Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Shi ya sa za ka ga mai bi yana raira waƙa ranar Lahadi, ranar Talata da dare kuma yana zaune gaban boka. Shi ya sa ake ɗaura wa jariri laya a ƙarƙashin rigar da aka kai shi majami'a da ita. Tsoro ne ke sa a nuna wa tsohuwa marar gata yatsa a ce ita ce mayya. Tsoro ne ke sa mutum ya yaɗa jita-jitar da bai tabbatar ba ta wayar hannu, har gari ya rikice, maƙwabcin da kuka yi shekara 20 kuna gaisawa ya koma abin zargi. Sau da yawa abin da mutum ya aikata saboda tsoro ya fi abin da ya ji tsoronsa ɓarna.

Tsoro iri biyu

Yesu ya farka, ya tsawata wa iska, ya umarci ruwan ya yi shiru. Kalmar da Markus ya rubuta da Helenanci tana nufin a sa wa abu takunkumi, kamar yadda akan sa wa dabba. Ita ce kalmar da Ubangiji ya yi wa baƙin aljan magana da ita a majami'ar Kafarnahum a sura ta 1. Nan take iska ta kwanta, wuri ya yi tsit. Masunta sun sani ko iska ta tsaya, ruwa yakan daɗe yana tangaɗi kafin ya natsu. Wannan karon duka biyu suka kwanta tare.

Sa'an nan ya juya ya tambaye su dalilin firgitarsu, da inda bangaskiyarsu take. Ku lura da tsarin: sai da ya cece su tukuna ya yi musu faɗa. Bai ce sai bangaskiyarsu ta cika zai tashi ba. Addu'arsu gurguwa ce, cike da zargi, duk da haka ya amsa ta.

Abin mamaki kuwa, bayan hadarin ya wuce Markus ya ce tsoro mai girma ya kama su, suna tambayar juna ko wane ne wannan. A Helenanci kalmomi biyu ne dabam. Ta farkon tana nufin rashin zuciya, irin na matsoraci. Ta biyun ita ce rawar jikin da takan kama mutum in ya gane yana tsaye a gaban Allah. Su Yahudawa ne, sun san Zabura ta 89 da ta 107, inda aka nuna Allah kaɗai ke mulkin haukan teku. Yanzu ga mutumin da ke barci a kan matashi ɗazu ya yi abin da Allah kaɗai yake yi.

Ga asirin ke nan, 'yan'uwa. Babban tsoro ne yake korar ƙarami. Yaron da kare ya biyo, in ya hango ubansa tsaye da sanda, karen bai canja ba, amma kukan yaron yakan tsaya. Wanda ya san girman Allah, sauran abubuwa sukan koma daidai girmansu.

Na taɓa haye kogin Binuwai a Ibi cikin damina, ruwa ya cika ya batse. Da muka kai tsakiya iska ta taso, jirgin ya soma rawa, mata suna salati, waɗansu suna kiran sunan Yesu. Wani dattijo da ke kusa da ni ya taɓa ni ya ce, "Malam, daina kallon ruwan. Dubi fuskar mai jirgin." Na duba, sai na ga mutumin yana tauna goro, hannunsa a kan inji, ko a jikinsa. Ruwan bai ragu ba, amma numfashina ya dawo. Barcin Yesu a cikin jirgin nan, wanda almajirai suka ɗauka rashin kula ne, shi ne ya kamata ya kwantar musu da hankali.

In hadarin bai kwanta ba fa?

Yanzu dole in faɗa muku gaskiya, domin kada in yi muku alkawarin da Allah bai yi ba. Ba kowane hadari ne yake kwantawa nan take ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna mana hanya uku.

Ta fari ita ce wadda muka karanta: Ubangiji ya yi magana, hadari ya wuce. Da yawa a cikinmu muna da irin wannan shaida, mun kuwa gode masa.

Ta biyu tana cikin Ayyukan Manzanni sura 27. Manzo Bulus yana cikin jirgi zuwa Roma a ɗaure, su 276. Hadari ya yi ta jifa da su har kwana 14. Bulus mutumin addu'a ne, amma iskar ba ta tsaya ba. Aka zubar da kaya, aka zubar da alkama, jirgin kansa ya farfashe a gaɓar tsibirin Malita. Waɗansu da iyo suka fita, waɗansu a kan katako. Dukiya ta tafi, amma ko rai ɗaya bai salwanta ba. Akwai mai saurarona da ya rasa gida, ko shago, ko aiki, ya fito da rigar jikinsa kaɗai. Ɗan'uwa, katakon da ka fito a kansa ma hannun Allah ne.

Ta uku ita ce mai wuya. Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin masuntan nan, wajen shekara ta 44 sarki Hirudus Agaribas ya sa aka kashe shi da takobi, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 12 ta nuna. Ba a aiko mala'ika ya fisshe shi ba. Kakannin ikkilisiya sun shaida cewa Markus ya rubuta abin da ya ji daga bakin Bitrus ne, masana da yawa kuma suna ganin masu bi na Roma ne suka fara karanta littafin. A shekara ta 64 gobara ta ci birnin Roma, Kaisar Niro ya ɗora wa Kirista laifin, aka kashe da yawa da azaba. Mutanen da ke cikin irin wannan hali ne aka karanta wa labarin jirgin nan. Sun san sarai abin da ake nufi da a yi kira a ga kamar Ubangiji yana barci.

Mu ma mun sani. A watan Janairu na 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi na ikkilisiyar EYN, shugaban CAN na Michika a jihar Adamawa. A hoton bidiyon da aka fitar yana hannunsu, ya yi magana a natse, ya nuna bai karaya ba domin kome yana hannun Allah, ya roƙi a kula da iyalinsa in bai dawo ba. Ikkilisiya ta yi addu'a, duk da haka aka kashe shi a cikin watan nan. Za mu ce jirginsa ya nutse? A'a. Ya haye, ya riga mu isa wancan hayi. Wanda ya mutu ya tashi daga matattu a rana ta uku yana da iko a kan ruwan ƙarshe ma, wato mutuwa.

Amsar zargin almajirai

Shin ya damu da mu? Amsar tana gonar Getsamani. A cikin jirgi Yesu yana barci, almajirai suna ido biyu cikin firgita. A Getsamani kuwa almajirai ne ke barci, shi yana ido biyu, ransa yana shan wahala matuƙa, yana roƙon Uba ko ƙoƙon nan zai wuce shi. Ya san nauyin tsoro a jikinsa. Wannan hadari bai tsawata masa ba, ya shiga cikinsa har gicciye domina da kai. Wanda ya yi maka haka ba zai yi barci a kan maganarka ba.

Bitrus ya koyi darasin nan. A sura 12 ɗin nan ta Ayyukan Manzanni, bayan an kashe Yakubu aka kama shi, aka sa sojoji 16 su yi ta gadinsa bi da bi. A daren da za a wayi gari a fito da shi, yana ɗaure da sarƙa biyu a tsakanin soja biyu, me yake yi? Barci yake yi, mai nauyi har sai da mala'ika ya buge shi a kwiɓi kafin ya farka. Mutumin da ya kasa jure barcin Ubangijinsa a cikin hadari, ga shi yana irin barcin nan. Da ya tsufa kuma ya rubuta wa masu bi da ke shan tsanani, a 1 Bitrus 5:7, cewa su sauke damuwarsu a kan Allah. Dalilin da ya bayar, da kalmar nan ta kula da aka zargi Yesu da rashinta a cikin jirgi ya bayar da shi. Shekaru ne suka kai shi nan. Kai ma kada ka fid da zuciya in ba ka kai ba tukuna.

Me za mu yi?

Na ɗaya, kai tsoronka wurin Yesu, ka kira shi da sunansa. Kada ka tsaya neman kalmomi masu kyau. Ka ce, "Ubangiji, ina tsoron ciwon nan. Ina tsoron hanyar nan." Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na biyu, kada ka yi tsalle zuwa wani jirgi. In akwai laya ko ƙulli a gidanka, fito da shi, ka nemi fastonka ko dattijon ikkilisiya ku yi addu'a tare.

Na uku, ci gaba da kwarfe ruwa. Dogara ga Allah ba ta hana aiki. Bulus ya hana matuƙan jirgi gudu, ya kuma sa kowa ya ci abinci domin ya sami ƙarfi. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro. Je asibiti, sha maganinka yadda aka ce, kada ka yi tafiyar dare inda aka san da hatsari. In tsoro ya hana ka barci da cin abinci makonni, ko abin da idonka ya gani yana ta dawo maka, gaya wa ma'aikacin lafiya. Wannan ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, kada ka zauna kai kaɗai. Sa'ad da Bitrus ke kurkuku ikkilisiya tana taruwa tana addu'a dominsa. Zumuntar mata, ƙungiyar matasa, addu'ar safiya, domin irin wannan rana aka kafa su. Markus ya kuma ce akwai waɗansu jirage tare da su a daren nan. Da ruwan ya kwanta, ya kwanta wa kowa. Natsuwar mai bi ɗaya takan zama albarka ga unguwa duka, har da maƙwabtan da ba bangaskiyarmu ɗaya ba.

'Yar'uwar nan da ta tsaya a bakin ƙofa, abin da na ce mata shi ne, "'Yata, da ba ki da bangaskiya, da ba wurin Yesu kike kai kukanki ba. Ci gaba da tashinsa, ba ya gajiya da ke." Har yanzu maigidanta yana bin hanyar, har yanzu gabanta yakan faɗi. Amma ta ce mini yanzu in ya fita takan tara yara su yi addu'a, sa'an nan ta ɗora tukunya.

Kai fa, mai saurarona, wane ne ke cikin jirginka? In ba ka taɓa karɓar Yesu Almasihu ya zama Ubangijinka da Mai Cetonka ba, yau ƙofa a buɗe take.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na sama, ka san abin da ke hana kowannenmu barci. Ka gafarta mana inda muka zarge ka da rashin kula, da inda tsoro ya kai mu wuraren da ba su gamshe ka ba. Ka tsare matafiya, ka taɓa marasa lafiya, ka komo da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ka ta'azantar da gwauraye da marayu. Inda ka ga dama ka kwantar da hadari, ka kwantar. Inda ba ka kwantar ba, ka riƙe mu har mu haye. Ka ba ƙasarmu salama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Ku zauna lafiya cikin alherinsa.